Inna na son kujerar bakin taga

Jiya a Kebbe na tarar da Inna tana ɗura garin gero a buhu, wai guzurin Hajji.

Na ce, "Inna, jirgi in ya tashi Sakkwato da hantsi, kafin magariba kina Madina."

Ta saki bakin buhun. Can ta ce, "Babana da ƙafa yat tafi, ina goye. Daga baya munka ji an rufe shi hanyar Sudan. Ka roƙa man kujerar bakin taga. In mun zo bisa kanshi, in gaya mai na ƙarasa mai tafiyar."

Ku da kuka saba hawa jirgi, don Allah ya ake samun kujerar nan? Wallahi Inna ba za ta zauna tsakiya ba.