Ranar da Mama Saratu Ta Kulle Ni a Gareji

Ni mutumin Kagara ne, ɗan manomi. Babana ba mai kuɗi ba ne, amma ban taɓa kwana da yunwa a gidansa ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce talauci ya sa ni abin da na yi. Ina da shekara goma sha tara ya sa ni a motar doya zuwa Minna, ya damƙa ni hannun wani makaniken babur a Tudun Wada, mutumin Bida, ana ce masa Oga Ndagi. Lokacin ba a daɗe da mai da Minna hedikwatar jiha ba. Ma'aikata sun cika gari, duk wanda ya ɗan samu sai ya sayi babur, mu kuwa aiki har ba ma samun zama.

Oga Ndagi mutumin kirki ne, kuma na iya aiki da wuri. In babur ya yi tari tun daga bakin titi na san abin da ke damunsa. Abin da ya fara ɓata ni bai fi cikin kwalba ba. In an kawo gyara sai in zuƙi ɗan fetur daga tanki, in sayar wa mai injin markaɗe, in ci tsire. Ba wanda ya gane. Da na ga haka sai na koma cire sabon fulogi ina sa tsoho.

Akwai wani mai zuwa hira bencinmu, kullum cikin farar shadda, ba wanda ya san sana'arsa. Dogo ake ce masa. Wata rana ya ja ni gefe ya ce, "Kai da wannan hannun naka, fulogi kake sata? Ko kunya ba ka ji?"

Na sunkuyar da kai, na zaci wa'azi zai yi mini. Sai ya ce, "Kawo mini babur ɗin gaba ɗaya."

Bayan wata biyu na ce wa Oga na samu aiki a wani wuri, na bar shagon, na koma sato wa Dogo babura.

Mutane suna tsammani ɓarawon babur katanga yake haurawa. Ni ban taɓa haura katangar kowa ba. Da rana tsaka nake zuwa, ta ƙofa, da sallama. Sai in je unguwar da ba a san ni ba, in zauna wurin mai shayi har in ji sunan mai babur da ranar da ba ya gida. Ranar sai in sa kayan aikina masu baƙin mai, in riƙe sifana, in ce, "Maigida ya ce in kai babur a canza masa mai." Sai a ce ga shi can a zaure. Makulli kuwa yana rataye a ƙusa, wani lokaci ma yana jikin babur ɗin. Akwai gidan da babur ya ƙi tashi, ƙanin maigidan ya fito ya tura ni har bakin titi, yana cewa in gai da Oga.

Guda bakwai na ɗauka a haka. Na biyar ɗin na wani malamin asibiti ne mai zagaya ƙauyuka yana yi wa yara allura. Daga baya na ji ana labarinsa a teburin mai shayi, wai yanzu a ƙafa yake tafiya da akwatinsa a ka. Na ji abin a raina, amma ban daina ba. Wannan har yau in na tuna bakina yakan yi ɗaci.

Na takwas a Fadikpe yake, gidan wani tsohon malamin makaranta, Baba Ishaya. Babur ɗin ja ne, sabo fil. Kwana uku ina fakonsa, ran Laraba da safe na ga Baba ya fita da jaka ya nufi tasha. Wajen ƙarfe goma na shiga gidan. Matarsa, Mama Saratu, wata 'yar gajeriyar tsohuwa, tana ƙarƙashin mangwaro tana feraye doya.

Na durƙusa na ce, "Sannu da aiki, Mama. Baba ya ce in zo in ɗauki babur a duba birki."

Ta dube ni tun daga hula har silifa. Ta ce, "Baba ya ce? A ina ka gan shi?"

"Yanzu-yanzu a tasha, Mama."

"Madalla. Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Ta kwance makulli daga bakin zaninta, ta kai ni wani ɗan gareji mai ƙofar ƙarfe, ta buɗe kwaɗo ta ce, "Shiga, yana daga ciki." Na shiga ina murna a raina, ina cewa yau ma an samu. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Wata ƙatuwar sarƙa ta ratsa cikin babur ɗin da tayar baya, ta shige wani zoben ƙarfe da aka binne a cikin siminti.

Na ce, "Mama, ina makullin sarƙar?"

Amsar da na ji ita ce garam, sannan ƙas.

"Mama, ƙofa ta rufe!"

"Ba ta rufe ba, ɗana. Ni na rufe ta."

Ta zagayo ta wata 'yar taga mai rodi, ta leƙo. Ta ce, "Shekara talatin mutumin nan yana koyarwa. Ko gishiri zai aiko a karɓa sai ya rubuto takarda. Kuma birkin da kake faɗa, jiya da hannunsa ya gyara, ni na riƙe masa kwanon kusoshi."

Na ce ai wasa nake yi. Ta ce ita ma wasa take yi. Na gwada ƙofar da sifana, ashe duk kusoshinta an bi su da walda, ba inda sifana za ta kama. Na hau kan babur na taɓa rufi, na tarar an shimfiɗa rodi a ƙarƙashin kwanon. Da na gaji sai na zauna a kan babur ɗin da na zo sata, na kama roƙo.

"Mama, ki yi wa Allah."

"Shi nake yi wa."

Ta aiki maƙwabcinta ya kira 'yan sanda. Kafin su zo labari ya zaga unguwa. Ta tagar nan na hango maza sun cika tsakar gida, wani da taɓarya, wani da icen girki, suna cewa a buɗe a ba su ni. Ni kuwa na san abin da ake yi wa irinmu in an kama. Mama Saratu ta jawo kujerarta ta ajiye a bakin ƙofar, ta zauna. Na ji ta ce, "Ni na kama shi, ba ku ba. Ba mai taɓa ɗan mutane a gidana. Hukuma ce za ta buɗe ƙofar nan." Har wani ya ɗaga murya, ta ce masa, "Kai Yohanna, ni na yi maka wankan jariri, koma gida." Kowa ya yi dariya, aka fara ajiye itace.

Can sai ga kwano ta taga, dafaffiyar doya da manja. Ta ce, "Ci. Ban san yaushe za su ba ka abinci a can ba. Uwarka tana da rai?" Na ce tana nan. Ta ce, "Kash." Ina ci ina hawaye, kuma don kada in yi muku ƙarya, na cinye tas.

A wurin 'yan sanda na faɗi komai. Aka je neman Dogo, aka tarar da ɗaki wayam. An dai gano babur biyu a wani gari, su ma don masu su sun rubuta lambar inji sun ajiye takardu a ɗaka ne. Sauran, takardunsu suna ƙarƙashin kujerar babur, na haɗa da su na tafi. Alƙali ya ba ni shekara uku. Babana ya zo gidan yari sau ɗaya, ya daɗe yana kallona, ya ce, "Uwarka tana gaishe ka," ya juya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A ciki aka sa ni ɓangaren walda. Da na fito, kafin in je Kagara, Fadikpe na fara zuwa. Na tarar da su biyun a ƙarƙashin mangwaron nan. Na durƙusa na nemi gafara. Baba Ishaya ya gyara tabarau ya ce, "Au, kai ne ka gwada mini gareji? To tashi, zo ka ba ni maki."

Ya kai ni ciki ya ce in faɗa masa gaskiya, ina ne raunin wurin. Na nuna masa kwaɗon sarƙar da ke kwance a ƙasa, na ce in yana kan siminti guduma za ta same shi da kyau, gara ya rataya a sama. Na ce sakatar waje kuma tana son murfin ƙarfe don kada zarto ya kai gare ta. Ya ce, "To yi mini." Shi ne aikina na farko. Ya faɗa wa 'yan cocinsu, su kuma suka faɗa wa maƙwabtansu Musulmi, kafin shekara ta zagayo na kafa rumfar walda. Oga Ndagi ya yafe mini, har ya ba ni aron benci. Malamin asibitin nan kuwa sai da na je sau uku kafin ya amsa sallamata, kuma ban ga laifinsa ba.

Masu babur, ku ji daga bakin wanda ya san aikin. Kulle kan babur kaɗai ba ya hana komai, mutum biyu za su ɗaga shi. Ku ɗaure shi da abin da ba ya motsi, ko da a cikin gida ne, ko da sallar azahar kawai za ku yi. Ku daina rataye makulli a ƙusar zaure. Abin da ya fi duka, ku zauna da iyalinku ku yi magana: ba a ba kowa babur don ya zo da baƙin mai a riga da sunan maigida a baki. Ƙarfen da nake sayarwa yana da amfani, amma tambaya biyu daga bakin mutumin gida ta fi shi.

Ku kuma samari, musamman masu koyon sana'a, ku ji tsoron ƙaramin abin da ba wanda zai gane. Ku ji tsoron mai zama a bencinku da fararen kaya ba a san aikinsa ba. Ranar da aka kama ku ba za ku gan shi ba, kuma ba kowane gida ne ke da tsohuwar da za ta zauna a bakin ƙofa dominku ba. Na san waɗanda ba su kai ofishin 'yan sanda da rai ba.

Yanzu ina da mata da 'ya'ya huɗu. Kwanakin baya ina cikin kasuwa ina sayen rodi aka kwarma ihu, "Ɓarawo! Ɓarawo!" Mutane suka ruga. Ni kuwa ina tsaye ina ta ciniki, ina cewa a rage mini. Sai da na ɗora kayana a kafaɗa na lura cewa gabana bai faɗi ba, ko waiwaye ban yi ba. Ba ku san daɗin wannan ba, tunda ba ku taɓa rasa shi ba. Ku riƙe shi da kyau.