Alhaji Mai Goro da Lakar Ƙasan Teku

Har gobe ina tuna Asabar ɗin da na kawo Dokta Rakiya cikin shirina na Hausa a gidan rediyonmu na Parakou. 'Yar Djougou ce, jikar fataken goro, aikinta binciken lakar ƙasan teku, wajen da ruwan zafi ke ɓulɓulowa. Kafin mu shiga studiyo ta gaya mini damuwarta. An gayyace ta wata tafiyar bincike a jirgin ruwa, mahaifinta Alhaji Sani ya ce ba inda za ta, ya gaji da jin wai 'yarsa wasan taɓo take. Ita kuwa ba ta tsallake maganarsa.

Muka fara. Ta ce akwai ƙananan halittu a lakar nan da ido ba ya gani. Suna buƙatar fosfor, sinadarin da ke cikin takin zamani, amma ya yi ƙaranci a can. Abin da ya yi yawa shi ne arsenik, guba mai kama da fosfor ɗin sak.

Dokarmu ita ce mai kira ya yi tambaya ɗaya, teknisiyen mai kula da na'ura ya katse shi, ni kuma na fi kowa tsanani a kai. Sai ga kira daga Djougou. Mutumin bai faɗi sunansa ba, amma na ga Dokta ta gyara ɗankwali ta sunkuyar da kai.

Ya ce, "Rakiya, yaya halittun nan suke bambance fosfor ɗin da gubar?"

Ta ce, "Baba, wasu suna da ƙofa mai tsinta, kamar yadda kuke ware goro mai sankara."

Teknisiyen ya kai hannu zai katse, na zare masa ido.

"In gubar ta kuɓuce ta shiga fa?"

"Suna da hanyar fitar da ita waje, Baba."

Sai Alhaji Sani ya yi dariya ya ce, "Ashe abokan sana'a ne. Ni kam na sha asarar huhu guda saboda goro ɗaya. Ki je, Allah ya tsare. In kin dawo ki zo ki gaya mini yadda suke yi."

Dokta ta yi masa godiya, na sako kiɗa. Wallahi ni ma daɗi ya kama ni.

Ku da kuka shigo aikin rediyo yanzu, ku bi dokar, amma ku riƙa kallon fuskar baƙo kafin ku katse kira. Da na katse wannan, da jirgin ya tashi ba ita.