Layin da Alhaji Mamane Ya Bari Babu Suna

Har gobe ranar da Alhaji Mamane ya turo ƙofar kantinmu ba ta fita raina ba. Ku da kuka shigo aikin nan jiya jiya, ku bar latsa waya ku saurara, don abin da zan faɗa ba ya cikin littafin horon da aka ba ku.

Lokacin shekarata huɗu a kan teburin karɓar marasa lafiya, a kantin da jiha ta ba lasisin sayar da maganin da ake haɗawa da tabar wiwi. Ga wanda bai san tsarin ba, abin ba wuya. Likita ne zai rubuta wa mutum shaida cewa ciwonsa na buƙatar maganin. Idan ya zo, ni zan duba shaidar da katinsa mai hoto, in tabbatar sunansa na cikin rajistar jiha, sannan in miƙa shi ga mai haɗa magani. Ba a ba kowa sai shi, ko wanda ya rubuta a matsayin mai kula da shi, shi ma sai ya yi rajista. Kuma doka ta ɗaure mana baki. Ko matarka ba za ka gaya wa wanda ka gani ba.

A shekaru huɗun nan, ko mutum ɗaya cikin mutanenmu 'yan ci-rani na nan unguwar Bronx bai san ainihin aikina ba. Idan an tambaya sai in ce kantin magani, in ja bakina in yi shiru. Iyalina suna Kano. Ɗaki ɗaya gare ni a shiyyar University Heights, daga aiki sai shi.

Wata Talata ce da hantsi. Ina ɗaga kai na ga Alhaji Mamane, dattijon nan mutumin Maraɗi da kullum yake sahun gaba ranar Juma'a, wanda ake kai wa ƙarar ma'aurata ya sasanta. Na dakatar da abin da nake yi. Shi ma ya tsaya cak, hannunsa a kan ƙofa, kamar zai juya.

"Malam Habu, nan kake?"

"Nan nake, Alhaji. Abin da na gani a wurin nan, a nan yake kwana."

Ya miƙo takardar yana kallon ƙasa. Ciwon daji ne, ya riga ya ci jiki. Ya ce da muryar da sai na matso na ji, "Lokotoro ne ya matsa mini. Kwana nawa ban runtsa ba."

Aka ba shi na ɗigawa a ƙarƙashin harshe. Daga nan duk wata sai ya hau jirgin ƙasa na layin D ya zo da ƙafarsa, yana zuwa yana ramewa, har rigar sanyinsa ta koma kamar ta aro. Ranar Juma'a kuwa mu gaisa sama sama, kamar waɗanda ba su taɓa haɗuwa a ko'ina ba.

A zuwansa na biyar sai da ya huta sau biyu tsakanin ƙofa da teburina. Shugabarmu mai haɗa magani ta ja ni gefe ta ce in gaya masa da harshensa ya sa mai kula, don nan gaba kaɗan ba zai iya zuwa ba. Na ce masa za mu iya aika masa har gida. Ya ce ina, su huɗu ne a gidan, duk direbobin tasi, wa zai buɗe ƙofa bai gani ba? Sai na ba shi takardar da muke cike bayanin mai kula kafin a shigar a kwamfuta. Ya riƙe biro ya daɗe yana kallon layin.

"Sunan wa za ni sa? Shekara ashirin da wani abu ina garin ga. Yau a ce Mamane ɗan wiwi ne?" Sai ya ɗago. "Kai hwa?"

Na je na tambayi shugabar. Ta ce ƙa'idar kamfani ta hana ma'aikaci zama mai kula da wanda yake saye a wurinmu, kuma ta yi gaskiya. Na dawo na gaya masa. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce ba komai. Wallahi ranar na ji haushin aikin nan, na ji haushin kaina.

Na yi kwana uku ina juya maganar. Sirrinsa ba ni da ikon taɓawa. Amma nawa sirrin, ai ba dokar da ta ɗaure shi.

Akwai wani gidan abinci a gefen titin Grand Concourse da muke cika bayan sallar Juma'a, ana wake da shinkafa ana gardamar siyasa. Alhaji na can kusurwa da kofin shayin da bai sha ba. Wani ya ce in duba masa maganin hawan jini a kantinmu. Na ajiye cokali na ce, "Ba ma sayar da shi. Maganin wiwi muke bayarwa, da lasisin jiha, ga waɗanda likita ya rubuta wa. Masu ciwon daji, masu farfaɗiya, tsofaffin da ciwo ya hana barci. Shekarata huɗu a can."

Wani ya yi dariya ya ce ashe shi ya sa kullum nake cikin natsuwa. Wani ya ce subhanallahi, ya janye kujerarsa. Na saci kallon Alhaji. Ko uffan bai ce ba, yana ta juya cokali a shayi. Ba zan ɓoye muku ba, shirun nan nasa ya fi janye kujerar yi mini ciwo. Na ƙarasa abincina ni kaɗai, na tafi.

Ranar da ya kamata ya zo ta wuce, bai zo ba. Na san kwalbarsa ta ƙare, na san abin da hakan ke nufi, kuma ba ni da hurumin zuwa dubiyar ciwon da a idon jama'a ban san da shi ba.

Bayan kwana tara wani ƙaton mutum ya shigo yana waige waige. Awudu ne, mutumin Kumasi, ɗaya daga cikin direbobin gidansu. Ya ajiye katinsa da shaidar rajista a gabana.

"Tsoho ya ce in na zo in nemi kai. Ya ce tunda ka iya faɗin naka a gaban mutane, shi ma zai iya faɗa wa mutum ɗaya."

Na duba rajista, sunan Awudu na nan daram. Na miƙa shi ga mai haɗa magani.

Alhaji ya ƙara wata biyu. Awudu ya ce yana samun barci, har yakan nemi koko da safe. A jana'izarsa can baya na tsaya, don har lokacin akwai masu ba ni hannu da yatsu biyu.

Mako guda bayan nan Awudu ya dawo da wata takarda da ya tsinta cikin aljihun rigar sanyin. Wadda na ba shi ce, ta yi laushi don ninki. Dokar ta yarda mutum ya sa mai kula fiye da ɗaya, shi ya sa layukan suke da yawa. A na farko an rubuta sunan Awudu da boko. A na biyu, da ajami, da hannu mai karkarwa, ya rubuta Habu. Ya san ba za a karɓa ba, ya dai rubuta abinsa.

To, ga abin da na koya. Duba shaida da kati kowa zai iya, ko ku ma da kuke hamma. Amma duk wanda ya bar layin nan babu suna, kada ku yi saurin kiran na bayansa. Ku ja masa kujera, don ba mantuwa ya yi ba. Ni kaina na sha ɗaukar takardar nan idan kanti ya yi shiru, in tambayi kaina sunan wa zan sa. Har yau ban cike ta ba.