Malam Sanda da Maƙerin Asabar

Duk Bahaushen da ke garin Greensboro na Amurka ya san Malam Sanda da abu biyu: tuƙa motar ɗaga kaya a wani gidan ajiya da ke kan titin Wendover, da kuma tarihi. In ka yi gangancin faɗa masa sunan garinku bayan sallar Juma'a, to ka haƙura da abincin rana. Zai jero maka sarakunanku ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya ci wane da yaƙi, da wanda ya gina wace ƙofa. Matarsa Bebi tuni ta ƙware wajen gyaɗa masa kai tana yankan albasarta.

'Yarsu ɗaya ce, Hafiza, shekararta tara, a nan aka haife ta. Babban burin Sanda a duniya shi ne yarinyar nan ta so tarihi, kuma daga bakinsa. Sai dai kafin ya kai sarki na uku ta fara hamma. Da abin ya ishe shi, ya ɗauke ta wata Asabar zuwa wani ƙauyen tarihi da ke bayan gari, inda ma'aikata ke sa tufafin mutanen da, suna saƙa, suna gasa burodi a murhun itace. A tunaninsa, in ta ɗanɗana na Turawa, da kanta za ta zo neman nasu.

Ta kuwa ɗanɗana. A maƙera ta yi tsaye, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Maƙerin wani dogo ne mai jan gemu, sunansa Nathan, wanda sauran ranakun mako gyaran famfo yake yi. Ya ƙera mata ƙusa guda, ya tsoma a ruwa, ya miƙa mata da ɗuminta.

Daga ranar gidan Sanda ya koma Nathan ya ce, Nathan ya yi. Kowace Asabar sai an je. Sanda ya tsaya can baya, hannu a aljihu. Kishi yake, ba ya ko musu. Ya kushe gemun, ya kushe hularsa, ya ce wa Bebi mutumin nan wasan kwaikwayo kawai yake. Ta tambaye shi ko shi ma gemun zai rina.

Abin da ya fi ci masa rai, shi ɗin ɗan maƙera ne gaba da baya. Ubansa ƙira ya yi a Gumel har idonsa ya mutu, haka kakansa. Amma tun da aka riƙa tsokanarsa a makarantar kwana wai warin gawayi yake, ya tattara zancen ya rufe. Ya yanke wa kansa hukunci cewa tarihi na masu rawani ne. Ko sau ɗaya bai taɓa ambata wa Hafiza maƙerar ubansa ba.

Wata Asabar da mutane suka ragu, Nathan ya zaro ƙarfe daga wuta, Hafiza ta zuba masa ido ko ƙiftawa ba ta yi. Sanda ya kasa daurewa. Ya ɗaga murya ya ce ƙarfen bai yi ja yadda ya kamata ba, shi a cikin sana'ar aka haife shi. Nathan ya yi murmushi, ya miƙo masa guduma.

Sanda ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, yadda ake yi a maƙerar ubansa, ya shiga ya durƙusa yana neman wurin zama. Sai a sannan ya lura uwar maƙerar, wato ƙarfen da ake dukan ƙira a kai, tana can bisa kututture, daidai ƙugu. A gida a zaune ake ƙira. Nathan ya roƙe shi ya mai da takalmansa saboda tartsatsi. Sanda ya mayar, ya miƙe, ya kai duka uku a tsaye; biyu suka sauka a gefe, na ukun ya lanƙwasa ƙarfen. Rabonsa da guduma shekara talatin da ɗoriya, kuma ko a da ɗin ma bai tsaya ya koya ba.

Da Nathan dariya ya yi, da ya fi sauƙi. Maimakon haka sai ya tambaye shi ƙasarsu, da ya ji kuwa, fuskarsa ta washe. Ya juya wajen Hafiza ya shiga yi mata bayani: yadda maƙeran can ke zama a ƙasa, uwar maƙera kafe a gabansu, yadda ake ɗinka zugazugi da fatar akuya, guda biyu, ana danna wannan ana sakin wancan, yadda manomi ba ya shiga damina sai ya bi ta wurinsu. Duk a littafi ya karanta. Sanda ya kasa kunne yana farautar kuskure ko guda, bai samu ba. Yarinyar tana jin labarin kakanta karo na farko, idonta a kan wani ƙato.

Suka shiga mota, suka hau titin Gate City Boulevard. Can Hafiza ta juya ƙusarta a hannu, ta ce, “Baba, next Saturday za mu koma? Ina so Nathan ya ƙara ba ni story ɗin Kaka.”

Sanda ya damƙe sitiyari. Ya ce mata Nathan bai taɓa ganin kakanta ba, bai san sunansa ba, ko Gumel ba zai iya nunawa a taswira ba.

“Na sani, Baba,” in ji ta. “Amma shi yana faɗa.”