Golanmu da Takardun da Aka Ƙwace

Shekara biyu bayan na gama jami'a na samu koyarwa a wata sakandaren je-ka-ka-dawo a wajen Kurfi. Daga Dutsin-Ma nake tasowa kullum, wani lokaci a motar haya, wani lokaci a bayan mashin. Turanci nake koyarwa, kuma da yake ni ne ƙarami cikin malamai sai aka ɗora mini kula da wasanni, ni da ban taɓa jefa ƙwallo a raga ba.

Wata Laraba malamin ladabtarwa ya shigo ofishin malamai ya zube mini wasu takardu a kan tebur. Daga jakar wata yarinya 'yar aji biyar ya ƙwato su. Zane ne irin na mutanen Japan, baƙi da fari, an sauko da shi daga waya an buga a shagon kwamfuta, maganar mutanen ciki kuma da Turanci.

"Malamin Turanci, karanta muna wanga. Mi aka ce a ciki?"

Na karanta. Daga dama ake farawa, kamar allo. Labarin wasu samari biyu ne a ƙungiyar ƙwallon raga ta makarantarsu, ɗaya dogo mara magana, ɗaya gajere mai surutu. Dogon yana son gajeren ya kasa faɗa. Duk lokacin da ya buɗe baki sai ƙwallo ta zo ta daki ƙeyarsa, ko kocinsu ya aike shi ɗebo ruwa. A wani shafi ya kawo wa gajeren abinci, kunya ta sa ya ce na karensa ne. Sai da na yi dariya sau biyu kafin na tuna inda nake. Babu tsiraici, babu ko abin da ya kai runguma. Amma so ake nufi, ba abota ba, kuma haka na gaya masa. Ba ina cewa ya dace yarinya ta zo da irin wannan makaranta ba. Ba wannan na zauna rubutawa ba.

Abin da ya ɓata al'amarin yana gefen shafi na uku. Da biro, a saman kan dogon, wani hannu ya rubuta "gola". A saman gajeren kuma "lamba tara".

Kowa ya san su wa ake nufi. Golan ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa da ɗan wasanmu na gaba, dukansu daga wajen Barkiya suke, keke ɗaya suke hawowa tun suna aji ɗaya. In an tashi hutun tara za ka gan su riƙe da hannun juna suna tafiya wurin mai awara. To wa bai yi ba? Shi kansa malamin ladabtarwa haka yake jan hannun malamin lissafi har teburin mai shayi. Haka kakanninmu suke fitowa daga masallaci. Ba wanda ya taɓa ganin komai a ciki sai ranar.

Aka tara mu a ofishin shugaban makaranta. Yarinyar tana kuka ta ce wasa ne, ita da ƙawayenta suka rubuta, don gola dogo ne ba ya magana, lamba tara kuma bakinsa ba ya hutawa. Ta rantse yaran ba su taɓa ganin takardun ba. Da aka kira su aka miƙa wa gola shafin, juya shi ya riƙa yi yana neman inda laifinsa yake.

Bayan an fitar da su shugaban ya juyo gare ni.

"Malam, kai ke tare da su a fili. Ka taɓa ganin wani abu?"

Amsar a'a ce. Ba wata amsa bayan ita. Ga abin da na ce, kuma har yau ina iya maimaita shi ba tare da na rage harafi ba: "To, ranka ya daɗe, ni dai ban ga komai ba, amma ba kullum nake tare da su ba, kuma mutum ba ya shaidar abin da ke ɓoye."

Malamin ladabtarwa ya tafa hannu. "Kun ji ko? Shi ma bai iya rantsewa."

Na so in gyara, sai na ga kamar in na matsa za a ce mene ne nawa a ciki, ni da na zauna na karanta abin har ina dariya. Saurayi ne ni, ba aure, baƙo a garin.

Aka yi wa yarinyar bulala, aka ƙone takardun a bayan ofis. Yaran biyu aka cire su daga ƙungiya "har a gama bincike", aka raba musu aji. Ba binciken da aka yi. Ba a tambayi kowa komai ba. Abin da aka yi shi ne malamin ladabtarwa ya tsaya a asambile ya yi dogon jawabi a kan "wasu yara biyu da muke sa wa ido", bai kama suna ba, yana ta kallon layin 'yan aji biyar. Na ga fuskarsa a ranar. Wataƙila ina zaluntarsa, Allah ya fi ni sanin zuciyarsa, amma ni daɗi na ga yana ji. Mutum ne da shekara da shekaru aikinsa bai wuce kama 'yan latti ba, sai ga babban nama ya faɗo masa.

Kafin Juma'a maganar ta kai kasuwa. In yaran suka shigo ƙofa sai ka ji daga baya, "Ga ango, ina amarya?" Lamba tara yana da baki. Ya zagi na zagi, ya fasa wa wani leɓe, aka fara shakkarsa. Gola ba shi da wannan. Ya fara zuwa a ƙafa shi kaɗai, daga baya ya daina zuwa. Saura masa shekara guda ya zauna jarrabawar fita, kuma shi ne na farko a gidansu da ya kai aji biyar.

Sai da ya yi sati biyu ba ya nan na iya tattara kaina. Ranar Asabar da hantsi na ɗauki ɗan acaɓa zuwa ƙauyensu, da sharaɗin mu juyo kafin la'asar. Na sami mahaifinsa a ƙofar gida yana ɗaurin dawa. Ya shimfiɗa mini buhu, aka kawo fura. Yaron bai fito ba.

Na yi bayani mai tsawo. Na ce kuskure ne, na ce wasan 'yan mata ne, na ce yaron yana da ƙoƙari. Dattijon ya bar ni har na gaji.

"Malam, ɗana na san shi. Ba kai za ka gaya mani ko wane ne ba. Tambaya ɗaya nika yi maka. Ka ga wani abu da idonka?"

"Ban gani ba, Baba."

"Ya yi ko bai yi ba?"

"Bai yi ba."

"To mi ya hana ka faɗi haka can inda aka tambaye ka? Nan gindin darbejiya ni da awaki ka zo ka faɗa mawa?"

Ya ja igiya ya ƙulle damin, sannan ya ce a gaban yara aka ɓata ɗansa, a gaban yara za a wanke shi. In na tsaya a asambile ranar Litinin na faɗi abin da na faɗa masa, yaron zai koma ranar Talata. Shi da kansa zai zo ya ji. Na yi masa alkawari.

Shugaban makaranta bai so ba, amma ya ba ni minti biyu. Na kwana biyu ina shirya kalmomin. Guda uku ne kawai: "bai yi ba". Ranar Litinin na hango dattijon a bakin ƙofa, riƙe da keke, ya sa farar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na hau dakalin. Malamin ladabtarwa yana gefena da bulala a hammata, yara ɗari da wani abu suna kallona, wasu har sun fara murmushi.

Na ce, "Game da maganar da ake ta yi, a iya binciken da na yi, ni dai ban samu wata hujja da ta tabbatar da ita ba. Saboda haka ina ganin zai fi kyau mu yi hattara da abin da ba mu da tabbas a kai."

Ban kai ƙarshe ba na ga dattijon ya juya kekensa. Bai yi sauri ba. Ya naɗe ƙafar wando, ya hau, ya bi hanyar Barkiya.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa abin da na faɗa gaskiya ne, kuma gaskiya ɗin ne, ba kalma ɗaya ta ƙarya a ciki. Haka aka koya mana a jami'a, kada ka faɗi abin da ya wuce hujjarka, har yabo na sha a kan haka. Ina jin haushin malamin ladabtarwa, ina jin haushin shugaban da ya bar shi, wani lokaci har yarinyar nake jin haushi, ko da yake ita ce kaɗai a cikinmu ta fito ta ce ƙarya ne. Amma ba ɗayansu da ya zauna a kan buhun dattijon nan ya sha furarsa ya yi masa alkawari.

Yaron bai dawo ranar Talata ba. Wata guda bayan haka lamba tara ya tsayar da ni a bakin fili, bai gaishe ni ba, ya ce yayan gola ya zo ya tafi da shi Kaduna koyon walda. Na tambaye shi ko yana da lambar da zan same shi. Ya ce yana da ita, amma ba zai ba ni ba.