Na'urar Hamidu Ta Yi Kuka, Sunka Danne Ta Da Matashi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Labarin ya iske ni da safen nan ina tsaye gaban allo da alli a hannu. Direktan lakwal ɗinmu, wato makarantarmu ta Illela, ne ya leƙo ta taga ya ce in fito, ana nema na a waya. Hamidu mai firigo na Ƙonni ya rasu. Jiya da magariba ya yanke jiki ya faɗi a Malbaza, shina tsakar gyaran ɗakin sanyi na wani mahauci, kafin a kai shi likita rai ya yi halinshi. An kai shi makwanci tun da sassafe, ban ko samu sallar ba.

Ina rubuta wanga daga sibar, shagon intanet na kusa da tasha, hannuna na ƙarnin kifi, raina a ɓace. Ku yi haƙuri da ni. Yau ba zan iya rubuta muku ta'aziyya mai santsi ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Hamidu ya girme ni da kusan shekara goma, Yaya nake ce mishi. Sa'ad da anka fara turo ni Ƙonni koyarwa ban san kowa ba, shi ne ya fara ce min in zo in ci tuwo. Da tsohuwata ta zo jinya, maganinta na son sanyi, ni kuwa ba ni da firigo. Cikin nashi ya aje shi, kuma kullum da safe shi ke kawo shi bisa moto, wato babur, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Wata uku, bai taɓa aiko wani ba.

Ya yi ƙuruciyarshi a Kwatano shina gyaran ɗakunan sanyi a bakin teku. Can ne ya ga akwatin gilashi a wani buro, wato ofis, cike da ruwan gishiri, da kifaye masu launi, da wasu abubuwa da ka ce duwatsu ne alhali suna da rai, murjani. Ya ce min shekara ashirin abin nan bai fita kanshi ba.

Bara ya ce za shi yi nashi. A Ƙonni fa, inda rana ke narka kwalta.

Ya haɗa gilashin da hannunshi, tsawon ƙofa in an kwantar da ita. Ya ciro injin tsohuwar firigo ya mai da shi abin sanyaya ruwa. Gishirin teku na musamman anka kawo mishi a buhu. Ya jera duwatsu, ya cika ruwa, ya yi wata biyu shina kallon akwati ba kifi ko ɗaya, wai sai ruwan ya nuna.

Mutane kuwa mi za su yi in ba dariya ba? Sunka laƙaba mishi Sarkin Ruwa. Yayanshi, Alhaji Mamman mai manyan motoci, a gabana ya ce mutum da furfura ya zauna kiwon kifin da ko ludayin miya bai cikawa. Hamidu murmushi kawai ya yi, ya zuba mishi shayi.

Abin da ya fi damun shi shi ne na'urar da za ta tsare akwatin, kwantirola. Ita ke auna zafin ruwa, ta tada injin sanyi in ya yi ɗumi, ta kunna fitila ta kashe, ta tsare famfon da ke juya ruwa. In kuran, wato lantarki, ya ɗauke, ita ke mai da komi bisa batir. Kifin teku ba tarwaɗa ba ne. In ruwan ya tsaya ko ya yi zafi na ƴan awoyi, shi ke nan.

Asabar uku a jere ina saukowa daga Illela, muna zama cikin sibar nan da nake ciki yanzu. Ni ke karanta mishi Ingilishin, shi kuma shina zane a bayan kwalin sikari. Munka tace, munka tace, har sunka rage biyu.

Ta farko ƴar gayu ce. Tana da allo mai haske, ana haɗa ta da ordinater, wato kwamfuta, kuma in wani abu ya ɓaci sai ta aiko saƙo a salula, har lamba biyu tana ɗauka. Ni ita na so. Na ce a sa lambarshi da tawa, ko shina Dogarawa wajen aiki, ko ina Illela, ɗayanmu za shi sani.

Ta biyun baƙar akwati ce, ba kyan gani, maɓalli huɗu. Abin da kawai take da shi, in famfo ya tsaya ko ruwa ya yi zafi sai ta tsala ƙara, irin wadda ke shiga har haƙori. Tana da pil, ɗan ƙaramin batir nata a ciki, ko an raba ta da komi ba ta yin shiru.

Munka yi gardama har mai sibar ya ce mu rage murya. Na ce mishi duniya ta ci gaba, shi ya tsaya wajen usur. Ya ce rezo ɗin salula na garin nan yau akwai gobe babu. Na ce ai ba kullum ba. Sai ya cire madubin idonshi ya dube ni, ya kira ni Mushe, yadda ake ce wa malaman lakwal a nan.

"Mushe, saƙon waya ni da kai kaɗai za shi samu. Ƙara kuwa duk mai kunne za shi ji. In ba ni nan, gidan nan ba ya rasa mutane."

Baƙar ya saya.

Ganina da shi na ƙarshe sati biyu ke nan. Kifi bakwai sun iso daga Kwatano cikin kula da ƙanƙara, sun kuma zauna lafiya. Biyu ruwan goro da zane fari, ɗaya shuɗi kamar an tsoma shi a baba, sauran ƙanana masu tsalle-tsalle. Murjanin ya buɗe shina kaɗawa a hankali. Wallahi na fi minti goma ina kallo.

Ya ce in tsaya in ga wani abu. Ya zare waya daga bango, na'ura ta yi ƙit, ta koma kan batir biyu na mota da ya aje ƙarƙashin tebur, famfo bai ko numfasa ba. Sannan ya cire jar wayar batir ɗin da gangan. Ƙarar ta tashi. Kafin in toshe kunne sai ga Rabi, maiɗakinshi, ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta duƙa ta mai da wayar, ta harare shi ta koma. Ya yi ta dariya har da hawaye.

"Ka gani? Wace salula ce za ta aje tuwo ta rugo?"

Yau da na hau moto, tun daga Badagishiri abu biyu ke cikin kaina, Hamidu da akwatin. Na ji an ce ba kuran a Ƙonni tun da safe. Na yi ta kwantar wa kaina da hankali da cewa batir ɗin nan na kai yini guda, shi da kanshi ya gwada.

Na iso bayan azahar. An kafa rumfa ta tare hanya, kujeru ko'ina, mutane maƙil. Tun daga nesa nake jin lasifika. A zaman makoki! Wani sanƙira riƙe da makirfo shina sanar da isowar manyan baƙin Alhaji ɗaya bayan ɗaya, wane daga Tawa, wane daga Sakkwato, kamar ana ɗaurin aure. Tsakani ya saka yabon mamaci, wai mutum ne mai tausayi, ko tururuwa bai taɓa takawa ba.

Ina gaisawa sai na lura ban ji ƙarar janareto ba. To da mi lasifikar ke aiki? Na duƙa na leƙa ƙarƙashin teburin sanƙira. Batir biyu na mota, kowane da ɗigon jan fenti a gefe. Ni na riƙe mishi gwangwanin fentin ranar da ya sa alamar.

Ban san sa'ad da na ratsa mutane na shiga ɗakin ba.

Wari ne ya fara tarbe ni. An rufe taga, ɗakin kamar tanda. Ruwan nan da ke garau ya yi fari-fari, ya tsaya cik. Na sa hannu, ɗumi kamar ruwan wankan jinjiri. Shuɗin na bisa ruwa, ciki sama. Ƙananan sun taru a kusurwa ɗaya, duk sun mutu. Murjanin ya saki wani yauƙi mai wari, ya koma dutse.

Sai na ji wani ɗan sauti can ƙasa-ƙasa. Na bi shi har gadon Hamidu. An tsinke na'urar daga bango, an tura ta ƙarƙashin matashi, an ɗora bargo, an ɗora buhun gishiri a sama don ta danne da kyau. Na ɗaga. Tana nan tana kuka, murya ta dushe, pil ya kusa ƙarewa.

Ku gane abin da nake faɗa muku. Ba rashin ji ba ne. Sun ji. Ta dame su har sai da wani ya taso daga rumfa, ya shigo, ya wuce ta gaban gilashin, ya nemi matashi, ya ɗauko buhu. Aikin da ya yi don ya kashe ƙarar ya fi na mai da batir ɗaya wahala.

Na aje na'urar bisa gado.

Na fito na iske Alhaji Mamman, na duƙa kusa da kunnenshi na ce a ba ni batir ɗaya, ɗaya tak. Ya ce baƙi na tafe daga Nijeriya, ba za a yi shiru ba. Na ce kifin ƙanenshi na mutuwa. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Haba Mushe. Ana ta mutum, kai kana ta kifi?"

Na juya na bar shi saboda girmanshi da idon jama'a. Amma ga amsata nan yanzu. Alhaji, na san mutum ya fi kifi. Mutumin dai nake yi wa. Shekara ashirin ya ɗauko abin nan a ranshi, ya bar muku shi da rai cikin gidanku, ya kuma yarda da kunnuwanku fiye da yadda ya yarda da waya. Ba ku kai shi yini ɗaya ba. Kuma da wutar da kunka zare wa dabbobinshi kunka yi ta shelar tausayinshi.

Ni ma ban fita ba. Ni ne na yi gaskiya a gardamar nan, kuma ban taɓa ƙin gaskiyata kamar yau ba. Da na matsa mishi, da saƙo ya iske ni tun da hantsi. Na bar shi ne don na ji kunyar in ce mishi kada ya yarda da danginshi.

Na koma na kwance batir ɗin moto na, ɗan ƙarami, na haɗa ƙaramin famfon iska. Na buɗe taga. Na kwashe matattun cikin kwano, shida. Ina ɗaga wani dutse sai na ga motsi. Ɗaya daga masu ruwan goron nan, kwance a gefe, baki na buɗewa a hankali. Na ɗebi ruwan gishirin da Hamidu ke ajewa cikin tano, wato duro, a inuwa, na sa shi cikin bokiti da iskar, na zauna ina kallo. Zuwa la'asar ya miƙe. Kuran ya dawo jim kaɗan bayan nan, babban famfo ya tashi shina juya ruwan da ba kowa a ciki.

Kafin in fito na je yi wa Rabi gaisuwa. Tana bayan labule cikin mata, ta shiga takaba. Wata ƴar'uwarta ce ta faɗa min a soro cewa tun da ƙarar ta tashi Rabi ta miƙe za ta fita, tsofaffi sunka riƙe ta, wai mai takaba ba ta ratsa maza ranar farko. Ta aika sau uku a mai da jar waya. Anka dawo mata da cewa ta yi haƙuri, ta yi ta salati. Daga baya ta ji ƙarar ta yi ƙasa, ta ɗauka an gyara.

Na yi mata gaisuwa, ta amsa. Sannan ta tambaye ni.

"Mushe, nawa sunka rage?"

Na ce ɗaya.

Ban ji kukanta ba. Sai cewa ta yi, "Ka kawo min shi nan, da na'urar. Ka kafa ta bisa kan gadona. Wata huɗu da kwana goma ba inda za ni."

Na kafa ta, na haɗa ta da ƙaramin famfon iskar. Na sa mata sabon pil. Bokitin na nan gefen tabarmarta, kuma batir ɗin moto na na can tare da shi, don haka a ƙafa na zo sibar.

Allah ka jiƙan Hamidu, ka yafe mishi kurakuranshi, ka sanyaya kabarinshi yadda ya yi rayuwarshi shina sanyaya wa mutane ruwa. Ka ba Rabi haƙuri da ƙarfin zuciya. Mu kuma ka yafe mana abin da munka ji munka danne.

Duk wanda ya karanta wanga, don Allah ya tsaya ya yi mishi Fatiha da Ƙulhuwallahu uku, a hankali, ba sai da lasifika ba. In kuma da sauran wuri cikin addu'arku, ku sa ɗan kifin nan da ke cikin bokiti. Allah ya sa ya kai safe.