Ɗan Sarkin da Ya Durƙusa wa Wanzami

Na san halinku, za ku ce Ɗanladi ya fara zuƙi-ta-malle. To ku faɗa. Amma wallahi da idona na ga mutum ya zubar da sarauta a tsakiyar kasuwa saboda ya cire takalmi. Wanda bai yarda ba ya hau mota ya je ƙasar Rogo, tsakanin Zoza da Fulatan, ya tambayi duk tsohon da ya gani a gindin bishiya.

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Muntari, taubashina. Uwata ƙanwar babansa ce, shi ya sa tun muna yara nake zaginsa son raina, yana ce min bawansa. Shi ne babban ɗan dagacin garinmu, tun Rogo na ƙarƙashin Karaye. Kowa ya san rawani nasa ne, jira kawai ake.

Sai ya ga Hanne, 'yar Baba Audu wanzamin gidansu. Baba Audu shi ya yi masa askin suna, shi ya yi masa kaciya, kuma bai taɓa doso ƙofar gidan nan da takalmi a ƙafa ba. Muntari ya tsiri ciwon baya na ƙarya. Kullum yana zauren wanzami ana yi masa ƙaho, don dai Hanne ta miƙo ruwa. Kafin damina ta fita bayansa ya koma kamar gurbin dara. Na ce, “Ranka ya daɗe, ka faɗa musu gaskiya kafin jininka ya ƙare.”

Da ya faɗa, gida ya kama da wuta. Baffanninsa suka ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi fashewa za ta yi. Shi kansa Baba Audu kuka ya yi, yana roƙo a rufa masa asiri. Hanne ce kaɗai ba ta girgiza ba, ta ce in yana so tana so. Tsohon dagaci yana kwance ba lafiya, ya gaji da rigima, ya ce a ɗaura. Aka ɗaura, rabin dangi suka tafi gona ranar.

Auren ma da an haƙura da shi. Abin da ba wanda ya lissafa shi ne gaisuwa. A al'adarmu wanzami shi ke durƙusa wa ɗan sarki, miji kuma shi ke durƙusa wa uban matarsa. Wata da watanni Muntari da Baba Audu suna ɓuya wa juna, in wannan ya ɓullo ta gabas wancan ya bi ta bayan masallaci. Ran wata kasuwa, bayan tsoho ya rasu ana shawarar wanda za a naɗa, suka yi kiciɓis a layin masu gyaɗa. Baba Audu ya zube. Muntari ya dube shi, ya dubi jama'a, ya tuɓe takalmi, shi ma ya zube.

“Ranka ya daɗe, tashi, kar ka kashe ni,” in ji Baba Audu.

“Baba, sai ka tashi.”

Ba wanda ya tashi. Ni na ce har wata akuya ta haihu ta yaye suna nan, amma wannan ƙari na ne. Dariya dai na yi har da riƙe ciki, ban san ƙarshen sarautarsa nake kallo ba. Baffanninsa suka ce gwiwar da ta taɓa ƙasa don mai aska ba za ta hau buzun kakanninsu ba. Suka aika wa hakimi da sunan ƙanensa.

Bai yi faɗa da kowa ba. Ya kwashe kayansa ya koma bayan gari, ya kama noman gyaɗa da dawa. Hannun da bai san fartanya ba ya yi kanta. Sai dai duk ranar da aka buga tambari a ƙofar gidansu, yakan ce kansa ke ciwo. Ya so abin nan, kar wani ya ce muku bai so ba. Shekara huɗu ya yi a haka, ciwon shawara ya ɗauke shi, ya bar Hanne da yara biyu. A zaman makoki dangi suka cika tabarmi. Baba Audu, da ya yi jinyarsa har ya cika a cinyarsa, can wajen takalma ya zauna a ƙasa. Ba wanda ya ce masa matso. Ni ma mai bakin nan ban ce ba.

Da Muntari zai leƙo yau, ban san dariya zai yi ko kuka ba. Gidan nan da ya ƙi 'yar wanzami, bara ya aurar da 'yarsa ga ɗan maroƙi, saboda yaron yana da gidan mai a wannan zamani na layin fetur. Na ga baffan da ya fi kowa ɗaga murya a da yana buɗe masa ƙofar mota. Duniya rawar 'yan mata. Muntari dai sammako ya yi wa zamani, shi ya sa ya sha raɓa.

Me ya rage nasa? Gonar tana nan, babban ɗansa na da tafiyarsa sak. Hanne ba ta sake aure ba, manema sun zo sun gaji. Ranar Juma'ar da ta wuce na je gaishe ta, tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Bakina da ba ya gajiya, na ce, “Matar ubangidana, an dai cuci mutumin nan. Har yau in na tuna rawanin nan sai raina ya ɓaci.”

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Kai Ɗanladi, ka ishe ni da kukan rawani. Rawani ko kwana bai yi ba ya sami wani kan. Ni wa na samu?”